Rawar Motar Baffa a Hanyar Kebbe

Tun da na dawo daga Kebbe abokaina na majalisar ƙofar gida ba su bar ni na huta ba. Wanda bai ce, "Injiniya, ya rawar mota?" ba, zai ce, "Wai me ya faru har Malam Umaru ya ajiye makulli?" Kowa na ba shi guntuwar amsa, guntayen kuma sun fara haɗuwa suna zama wani labari daban. Saboda haka na ga ya fi in rubuta shi sau ɗaya, a jere, yadda ya auku.

Abubuwa uku na dogara da su: littafin da na riƙa rubutu a ciki a kan hanya, awon da wayata ta adana, da abin da na riƙe a ka. Inda suka saɓa zan faɗa. Mun tashi a farkon kaka, an yanke gero, dawa tana tsaye. Littafina ya ce ranar Talata ce, wayar ta ce Laraba. Na fi gaskata wayar, domin sunan ranar daga baya na rubuta shi. Maganganun mutane na kawo su da harshen da suka yi su, gwargwadon yadda na ji, amma ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Sunaye kuwa na sauya su, ko da yake mutanen unguwarmu ba za su ɓata ba.

Motar ta Baffana ce, Alhaji Sidi, yayan mahaifina, mai fataucin hatsi a Tambuwal, wanda ke da gonar shinkafa a fadamar Kebbe. Akori-kura ce mai kujeru gaba da baya, irin mai ƙaramar giya ta biyu: idan an shiga yashi ko laka a sa ta, tayoyi huɗun su ja tare, idan an hau kwalta a cire. Malam Umaru, mutumin Jabo, shi ke tuƙa ta, shi ya tuƙa wadda ta gabace ta ma. Tun ina firamare yake gidan. Ni kuma fannin injuna na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa, ina zaune ina jiran aiki. Ban da sunan Injiniya da ake kirana, karatun bai kawo wa gidan komai ba tukuna.

Akwai abu guda da ya wajaba in faɗa tun a nan, domin a lokacin da ya kamata ban faɗe shi ba. Kimanin mako uku kafin tafiyar, Baffa ya yi bulaguro, Malam Umaru ya tafi Jabo yankan gero, makulli yana rataye a falo. Na ɗauki motar na kwashi abokai biyu, suna cikin masu karanta wannan, muka tafi fadamar Sanyinna ganin ruwa. Na nutsar da ita a laka har ciki, sai da shanun huɗa suka jawo ta. Na lallaɓo gida a hankali, na wanke ta har tana ƙyalli, na mayar da makulli inda yake. Bayan haka motar ba ta yi wata doguwar tafiya ba, sai zirga-zirgar kasuwa, har ranar da Baffa ya je Sakkwato.

Da la'asar ɗin ranar ya kira ni zaure. Akwai mutum shida ko bakwai, dillalansa da maƙwabta. Malam Umaru yana tsugune a bakin ƙofa da tasbaha.

"Injiniya, ga aikinka yaz zo har gida," in ji Baffa. "Wagga mota in ta kusa ɗari sai ta kama kaɗuwa awa mai masassara. Mi na na?"

Amsar gaskiya ita ce ban sani ba sai na duba. Amma wannan ne karo na farko da aka tambaye ni wani abu na fannina a gaban mutane, na kuwa ji idanu a kaina. Ban ko tashi daga tabarma ba na ce furofela ce, wato dogon ƙarfen nan na ƙarƙashin mota da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa yawanci abin da ke lalata ta shi ne a manta giyar jan huɗu a kan kwalta.

Tasbahar Malam Umaru ta tsaya.

"Alhaji, ban taɓa hawa kwalta da ita ba," ya ce.

"Mai karatu ya faɗi," in ji Baffa. Sannan ya ce, "Jibi za ka kai buhuna Kebbe. Injiniya, ka bi shi, ka auna da kyau. In shi yal lalata ta, makullina nika so. Ga yara nan masu jini a jika suna nema."

Ko a lokacin na tuna da Sanyinna? Na yi wa kaina wannan tambaya sau da yawa. Abin da zan iya cewa shi ne ban haɗa su ba, ko kuma ban so in haɗa su ba, kuma yanzu ba na iya rarrabe biyun.

Mun tashi bayan hantsi ya ɗan ɗaga, da buhuna babu komai ciki da tampol biyu a bodi. Mu uku ne. Ta ukun Inna Kulu ce, mahaifiyar Malam Garba da ke kula wa Baffa da gonar, ta zo asibitin ido za ta koma gida. Ta zauna a kujerar baya, daidai bayan direba, da ƙunshinta da zabi biyu da aka ba ta tsaraba. Tun da ta gan ni ta ce ta yi sabon ango, kodayake a cewarta na cika rama.

Ga waɗanda ba fanninsu ba, rawar mota a kan gudu daga wuri uku ta fi fitowa: inji, ko tayoyi, ko furofela. Kowace da alamarta, kuma ana rarrabe su ne ɗaya bayan ɗaya. Hanyar Kebbe ba ta gudu ba ce, don haka na roƙi Malam Umaru mu fara hawa babban titin Sakkwato mu gwada. Ya karya kan mota.

Ga abin da littafina ya riƙe. Rawar tana somawa da an wuce tamanin, ta yi tsanani tsakanin casa'in da ɗari, ta lafa idan an rage gudu. Na ce ya sa ta a firi, wato ya cire giya, tana cikin gudu. Ƙarar inji ta faɗi, rawar ba ta rage ba, ke nan ba inji ba ne. Na ɗora tafin hannuna a kan sitiyari, na ji shi lafiya, ke nan da wuya a ce tayoyin gaba ne. A kujera ake jin abin, da daɓen mota. Saura biyu: furofela, ko tayoyin baya.

A karo na uku da muka juya, Inna Kulu ta gaji.

"Kai angona, Kebbe ta tashi ta koma Sakkwato na? Sau uku ke nan nika ganin wagga kuka."

"Inna, ki yi haƙuri, aikin awo muke yi."

"To ni ka auna mana, ai ni ka zaune bisa abin. Nan gefen nawa shi ka rawa, har haƙorana biyu da sunka rage suna gaisawa."

Malam Umaru ya yi murmushi, na farko tun da muka fito. Ni kuwa na rubuta maganarta a gefen shafi, na ja layi a ƙarƙashi, na rubuta "ba hujja ba".

Abin da ya fi wannan muni yana cikin wayata. Ina da manhaja mai ƙirga girgiza. Na kwantar da wayar a daɓen mota, ta nuna girgiza wajen sau goma sha biyu a daƙiƙa. Na riga na auna kewayen tayar da igiya tun a gida, na san a gudun ɗari kusan sau goma sha biyu take juyawa a daƙiƙa. Furofela kuwa tana ninka wannan kusan sau huɗu, rawarta ma ta fi kama da gunji fiye da kaɗuwa. Ɗalibin shekarar farko zai karanta wannan awo ya ce taya ce. Ni na dube shi, na sake aunawa, ya sake fitowa haka. Sai na rubuta a littafi: "Waya ba abin dogaro ba ce." Shafin yana nan, da rubutun hannuna.

Daga nan muka saki babban titi muka kama hanyar Kebbe. Wani wurin kwalta, wani wurin ramuka, wani wurin sai dai a bi sawun babura. Ba a kai sittin ba balle a ji rawa. A wani ƙauye da ban riƙe sunansa ba muka tsaya muka sha kunu da ƙosai. Mai ƙosan ta san Malam Umaru, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara masa gyara. Na lura kusan duk inda muka ratsa sai an ɗaga masa hannu.

Wajen iyakar ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe akwai shingen 'yan sa-kai, gungume ne aka gindaya a hanya. Babbansu ya leƙo ya gaishe da Malam Umaru, ya tambayi Alhaji, ya dube ni.

"Wanga fa?"

"Ɗan Alhaji na. Injiniya na, shi ka duba muna mota."

Yadda ya faɗe shi babu ko ɗigon habaici, wannan ne ma ya sa abin ya fi yi mini nauyi. Na buɗe ƙofar baya in nuna musu ƙunshin Inna, sai zabuwa ɗaya da igiyarta ta kwance ta yi fir ta faɗa gonar dawa. Inna ta saka salati. Na bi ta da takalmi sau ciki, na yi tuntuɓe da kunya, na kife a kan cikina. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ne ya zagaya ya jefa mata rigarsa ya kamo ta. Da na fito ina kakkaɓe jiki, Inna ta ce wa babbansu ta fasa auren, a nemo mata wanda ya kama zabuwar.

Gaba kaɗan akwai rafi mai yashi, ruwa bai kai gwiwa ba. Malam Umaru ya tsaya ya sa giyar jan huɗu, muka haye. Tayoyin baya suna taka tudu hannunsa ya koma kan giyar ya cire ta, bai ko duba ba, yana cikin ba Inna labarin wani biki. Hannun da ya saba ne, ba na mai yi don a gani ba. Wannan ban rubuta shi a littafi ba, amma na gani.

Mun isa Kebbe bayan azahar. Malam Garba ya tarbe mu, mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, muryarsa kamar yana kiran wani a hayin gulbi. Muka sauke Inna, muka kai buhuna gona, muka dawo kafin rana ta faɗi. Ya sauke mu a shagon ƙofar gidansa, ɗaki ɗaya, tabarmi biyu, da gidan sauro da ya ce kada mu raina shi.

A gidajenmu na Tambuwal maigida yakan zauna ya ci tare da baƙo, yana yi yana cewa a ƙara. A nan Malam Garba ya dire akushi, ya ce bismilla, ya fita ya ja ƙofa, wai kada baƙo ya ji kunyar ci. Ban sani ba ko al'adar garin ce ko ta gidansa kaɗai, ban kuma tambaya ba. Abin da ta jawo shi ne na zauna ni da Malam Umaru mu biyu a kan akushi ɗaya. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, da ɗanyen kifi a sama, wanda mu sai a busasshe muka fi ganinsa. Malam Umaru ya ɓare kifin, ya ɗauki kai, ya turo mini tsakiyar.

"Ci, Nasiru. Gobe kana da shiga ƙarƙashin mota."

Na ci, amma ban san ɗanɗanonsa ba.

Da safe bayan ɗumame na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashinta, abin da ya kamata in yi tun ranar zaure. Na kama furofela na jijjiga ta sama da ƙasa, na murɗa ta hagu da dama. Gam take. Mahaɗanta babu sako-sako, notinta a ɗaure, jikinta babu lanƙwasa, ga sabon giris a kowace gaɓa. Na daɗe a kwance ina neman aibi, har Malam Garba ya sunkuyo ya tambaya ko barci ya ɗauke ni.

Na fito na ce za a gwada sauya tayoyi, na baya su koma gaba. Idan rawar ta tashi daga kujera ta koma sitiyari, taya ce. Malam Garba ya raka mu wurin wani mai faci a bakin kasuwa. Ya sa jak, ya fara da ta bayan direba, wato gefen Inna Kulu. Da ya zare ta ya mirgino, sai ya ce, "A'a, wagga ciki gare ta."

Ya kifar da ita. A cikin wili, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ta ɓangaren da ke fuskantar ƙarƙashin mota inda ido ba ya kaiwa daga waje, laka ce ta daskare a gefe guda. Tsawonta ya kai kamu, kaurinta kamar tubalin gini, ta bushe ta ƙone da zafin birki. Duk juyin da tayar za ta yi sai ta wurga wannan nauyi gefe ɗaya. A ƙaramin gudu ba a ji. A ɗari kuwa sau goma sha biyu take wurga shi a daƙiƙa.

Malam Garba ya tsuguna ya ɓalli guntu. Ya murza shi a yatsu, ya tofa masa yawu, ya sake murzawa, ya kai hanci.

"Wagga ba lakarmu ta ba," ya ce.

Mai faci ya yi dariya. "Malam Garba, laka ma tana da gari?"

"Kai da taya kas sani, ni da ƙasa. Ta gonar Alhaji ja-ja ta, da yashi ciki, in ta bushe zubewa taka yi. Wagga baƙa ta wuluk, ga danƙo. Ta bakin gulbi ta, wajen Sanyinna. Can kawunnaina suke, da ita munka yi shanun wasa muna yara." Ya ɗago kai. "Malam Umaru, mi yak kai ka Sanyinna da damina?"

Ban bincika ba ko ƙasar wuraren biyu ta bambanta kamar yadda ya faɗa, kuma ba na da'awar haka a ilmance. Amma ni ba na bukatar bincike. Na san lakar. Na wanke 'yar'uwarta daga jikin motar nan da hannuna.

Malam Umaru bai dube ni ba. Ya ce, "Mota ba ta da gari, Malam Garba. Inda anka kai ta, nan taka zuwa." Ya juya ga mai faci. "Kankare ta tas, ka duba sauran ukun."

Sauran ukun akwai ɗan abin da ba a rasa ba, aka kankare. Ban sa an sauya wa ko ɗaya wuri ba, domin ina so abu guda kaɗai ya canja, in san shi ne. Ko a wannan hali ban manta ƙa'idar awo ba. Ƙa'idar da ta fi ta sauƙi ce na manta.

Da muka dawo muka hau babban titi, Malam Umaru ya taka ta a hankali. Tamanin, casa'in, ɗari. Shiru. Na kwantar da wayar a daɓe, layin ya miƙe. Muka yi wajen kilomita biyar a haka.

"Malam," na ce, "lakar nan..."

"An cire ta, Injiniya."

"Ina nufin inda ta fito."

"Dawa ta yi kyau bana," ya ce, yana duban gonakin gefen titi. "In Allah ya tsare ta daga tsuntsu."

Na ɗauki wannan a matsayin izini. Na gaya wa kaina ya yafe, kuma tunda furofela lafiya take, makullinsa ya tsira, babu amfanin tone-tone.

Bayan la'asar muka shiga zaure. Kusan mutanen ranar nan ne. Na yi bayani tiryan-tiryan: yadda aka fitar da inji, aka fitar da tayoyin gaba, yadda awon waya ya nuna taya. Na ce ba furofela ba ce, laka ce ta daskare a cikin wili, an cire, rawa ta tafi. Wani dillali ya ce kai, karatu ya yi rana. Ban ambaci Sanyinna ba.

Baffa ya gyaɗa kai, ya juya wajen ƙofa.

"To, Umaru. Ba giya ta ba, mun ji. Amma direban da ka shiga gona, laka ta yi kwana da kwanaki cikin ƙafar motatai bai sani ba, har ta kusa kashe ni bisa titi? Wanga sakaci na. Sai anka ɗauko yaro daga jami'a ya gwada maka laka?"

Wannan ne wurin. Jimla ɗaya ce ake bukata, kuma tana bakina. Na dubi dillalin da ya yabe ni yanzun nan, na dubi Baffa, na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma.

Malam Umaru ya jira. Ban san ko ni yake jira ba, amma ya jira, har shirun ya yi tsawo. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya matso a tsugune, ya ajiye makullin a gaban Baffa.

"Gaskiya ta, Alhaji. Ido ya yi rauni. A ba yaro mai jini. Allah shi saka da alheri, na ci arziki gidanga."

Baffa bai zaci haka ba, na gani a fuskarsa. Faɗa ya so ya yi, ba sallama ba. Amma an yi a gaban mutane, babu mai janyewa a cikinsu. Malam Umaru ya yi sallama ya fita, washegari ya hau babur ya tafi Jabo.

Kwana biyu na yi ina kai da kawowa. Na so in sami Baffa shi kaɗai a falo, sai na ga a zaure aka ɓata mutum, a falo ba za a wanke shi ba. A rana ta uku bayan la'asar na jira zaure ya cika, na durƙusa na faɗi komai: makullin da na ɗauka, fadamar Sanyinna, shanun da suka jawo motar, wankin da na yi, maganar Malam Garba, da shirun da na yi. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Baffa ya daɗe yana dubana.

"Shi Umaru ya sani?"

"Tun a Kebbe, Baffa. Ko kafin nan, ban sani ba."

"Ya sani, yar rufa maka asiri, kai kuma kab bari anka tona nashi na ƙarya." Ya ciro makullin ya jefo shi gabana. "Da bakinka kak karɓe shi. Sai ka mayar da ƙafarka."

Washegari na hau babur zuwa Jabo. Na same shi a gona yana ɗaure wa dawa tsummoki saboda tsuntsu. Ya tarbe ni kamar babu abin da ya faru, ya kai ni gida, ya sa aka dama fura. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na gaya masa na faɗi gaskiya a zaure a gaban kowa, kuma Baffa ya ce ya dawo.

"Madalla," ya ce. "Ka yi abin da yad dace. Sha furarka."

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Ranar da nid dawo daga yankan gero nig ga mota ta yi wanka irin na amarya, kujera kuma an matso da ita gaba. Ni ban wanke ta haka, kuma ƙafata ta fi taka tsawo." Ya yi 'yar dariya. "Lakar dai ban gan ta ba, wanga kam Alhaji bai yi ƙarya ba. Da na gan ta da ba a kai nan ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ɗan maigida? Gaban dillalai? Haba, Nasiru."

Na miƙa masa makullin da hannu biyu. Bai karɓa ba, bai kuma ture ba. Ya nuna mini wata ƙusa a bangon zaurensa.

"Rataye shi can. Shekara da shekaru ina ga hanya, ban taɓa yanke dawata da hannuna ba. Bari in yanke ta bana, in yi shawara."

Na rataye shi na dawo. Na kai wa Baffa saƙon yadda aka ba ni, shi kuma bai ɗauki wani direba ba. Motar tana rumfa an rufe ta da tampol, shinkafar Kebbe a motar haya aka kwaso ta. Da aka ce wa Baffa ya aika dattijo ya je biko, ya ce a'a, Umaru ya ce zai yi shawara, a bar mutum da shawararsa.

Iyakar abin da na sani ke nan. Rawar motar na tabbata laka ce, domin abu guda aka cire ta tafi. Wani mutumin Jabo ya shaida mini a kasuwa cewa an gama yankan dawa a can yau kwana tara, ta Malam Umaru ma tana rumbu, kuma makullin yana nan a kan ƙusa. Ko zai sauko da shi ya dawo, ban sani ba.